Littafi na Uku a Kan Turmi

Ranar da abin ya faru mu biyar ne a tsakar gida, nan Kurfi, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Akwai ni, Kulu, wadda kowa ke ce ma Inna. Akwai ɗiyata Saude, malamar firamare, ita ce ma ke rubuta wannan da nake faɗa, don ni ban taɓa zama a aji ba, kuma na gaya mata in ta ƙara gishiri zan gane in an karanta mani. Akwai Lawal, ƙanen marigayi maigidana, wanda yara ke ce ma Baffa. Akwai surukata Binta da cikinta wata shida. Na biyar shi ne mijin Binta, ɗana na fari, mai sayar da hatsi a kasuwar Dutsin-Ma. Sunanshi ba zai fito a takardar nan ba. Mai Hatsi nake ce mashi, ku ma haka za ku ji shi.

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ɗauka ƙiyayya ce. Mu dai haka muka taras: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye shi kakarshi ta ɗauke shi. Ya shekara arba'in da 'yan kai, amma in ina da magana da shi sai in dubi wanda ke kusa in ce, "Ku gaya mashi kaza," ko da yana zaune gabana yana ji. Shi ma ya saba, wancan zai ba amsa.

Bakina ne ba ya kaiwa gare shi, idona yana kaiwa. Ranar nan Saude ta dama fura ta ajiye masu. Na ga ludayi ya suɓuce daga hannunshi na dama. Ya ɗauka, ya sake suɓucewa. Gefen bakinshi ya ɗan sauka, fura na bin haɓarshi bai sani ba.

Na ce, "Saude, tambaye shi me ya samu hannunshi."

Ta ce, "Yaya, Inna ta ce me ya samu hannunka?"

Ya yi dariya ya ce gajiya ce, bai samu barci ba yana karatun littafinshi. Tun yana saurayi yake da jarabar littattafan nan na kisa da bincike, waɗanda ake nuna ɓarna tun farko a ɓoye wanda ya yi ta sai ƙarshe. Ba ya rabuwa da guda a aljihu. Na sha aika mashi cewa mai iyali ba ya sayen ƙarya da kuɗinshi, ya sha aiko mani da "to". Amma ranar nan ba amsar na saurara ba, yadda ta fito na saurara, a cakuɗe kamar mai magana da ruwa a baki. Ya yunƙura zai tashi, sai ya tafi gaba ɗaya ta ɓangaren dama, kamar buhun da aka jingine ba daidai ba.

Satin farko mun yi asarar kwana biyu a gida, kuma don wannan asarar nake son a karanta labarin nan. Baffa ya ce iska ce, tun da kullum Mai Hatsi yana ratsawa ta gindin tsamiyar bayan tasha da rana tsaka. Aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu na sha da na shafawa. Maƙwabta suka shigo kowa da nashi: a murza mashi man shanu da tafarnuwa, a kira wanzami ya yi ƙaho, kada a bari mai haila ta tsallake shi. Ni ina gefe ina kallon hannun, jiya yana motsa yatsa biyu, yau ko ɗaya.

Ran Lahadi na ɗaure zanina na tsaya kan Baffa.

Na ce, "Lawal, ko ka nemo mota, ko in ɗora shi a amalanke in ja da kaina."

Ya ce, "Matar Yaya, asibiti ba su san wannan ciwon ba. Allura ɗaya za su yi mashi su ƙarasa shi."

Na ce, "Zuba rubutunka a gora mu tafi da shi. Allahn da ke gida Shi ne a asibiti."

Ba zan faɗi asibitin da muka je ba, don akwai mutanen kirki a ciki, akwai kuma waɗanda in na kama sunansu sai an yi shari'a. Aka bar shi kan benci Baffa da Binta na tallafe da shi, Saude ta tafi neman keken tura marasa lafiya, ni na shiga layin kati. Tun hantsi nake tsaye. Da na kai tagar, yaron da ke ciki bai ko ɗago ba ya ce, "Sunan marar lafiya?"

Na waiga ina neman Saude.

"Hajiya, sunan marar lafiya."

Na ce, "Mai hatsi ne a Dutsin-Ma, daga Kurfi muke."

Ya ce, "Ba sana'arshi na tambaya ba."

Wata tsohuwa a bayana ta ce mashi, "Ɗan fari ne, yaro. Ko za ka yanka ta ba za ta faɗa ba." Ya ce to in koma gefe in ba mutane wuri. Kafin Saude ta dawo wurina ya tafi, muka koma ƙarshen layi, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Duk uwar da za ta kai ɗan fari asibiti, ta shiga layi da mai baki a kusa da ita.

Likita ya ɗaura mashi abin gwajin jini a hannu, ya duba, ya sake ɗaurawa. Ya ce, "Ba iska ba ce, Hajiya. Jini ne ya hau har ya yi ɓarna a kai. Da ranar kuka kawo shi, da aikinmu ya fi sauƙi." Baffa ya tsura ma takalminshi ido. Kallon da na yi mashi ya ishe shi. A nan ne Binta ta faɗa tana kuka cewa an taɓa gaya ma mijinta yana da hawan jini, ya sha magani na ɗan lokaci, da ciwon kai ya tafi ya watsar.

Sati na biyu muna kwance a ɗakin maza. Komai sai an sayo a waje, daga ruwan da ake ƙara mashi har audugar goge wurin allura. Tunkiyata mai ciki ta tafi a satin nan, geron da na ajiye na bazara ya bi bayanta. Wuta in an ɗauke sai mafici. Akwai ma'aikaciyar da in ka kira ta sai ta dube ka kamar ka taka mata abinci, akwai kuma wata baƙa doguwa da ke zuwa ba a kira ta ba ta juya shi don kada bayanshi ya yi gyambo. Allah Ya saka ma wannan da alheri, waccan kuma Allah Ya shirye ta. Baffa ma sai na yi mashi adalci. Binta ba ta iya ɗaga shi da cikinta, ni kuma akwai abin da uwa ba za ta yi ma ƙaton ɗanta ba. Lawal ne ya yi wanka, ya yi tsarki, ya zubar da fo, bai taɓa ɓata fuska ba. Bakinshi ya jawo mana asarar kwana biyu, hannunshi ya biya.

A gadon kusa da mu akwai wani direba mai karyayyar cinya, da wayarshi cike da fina-finai. In la'asar ta yi sai ya jingine ta da kwanon sha, masu iya jan jiki su matso. Ni na juya baya, don ban ga abin kallo a rawa da waƙa ba. Amma kunne ba shi da murfi. Ran nan suka sa fim ɗin wani kafinta da rufin ɗaki ya faɗo mashi a baya, likitoci suka ce ya gama tafiya, abokai suka watse, shi kuwa ya ƙi yarda, har ƙarshe aka nuna shi yana takawa zuwa shagonshi mutanen unguwa na tafi. Na waiga na ga Mai Hatsi hawaye na bin kuncinshi, rabin bakinshi na murmushi. Ranar ya shanye kofin koko, wanda tun da muka zo cokali uku ake samu da ƙyar.

Ba zan ci amanar fina-finan nan ba. Su suka buɗe mashi ciki, su suka sa ɗakin da ake kwana nishi aka riƙa dariya. Har ni na daina juya baya. Sai dai akwai abin da na lura da shi tun a na kafintan: daga kwanciya zuwa tafiya waƙa ɗaya ce. Aka fara waƙa yana rarrafe, aka gama yana tsaye.

Mai gashin ƙashi, wato wanda ke motsa ma marasa lafiya gaɓoɓi, wani siririn saurayi ne mai yawan wasa. Ya koya ma Baffa da Saude yadda za su riƙa lanƙwasa ƙafar da hannun safe da yamma. Maganarshi ta zauna mani. Ya ce, "Ƙafar nan ba ta mutu ba, hanyar gida ta ɓace mata. Kamar akuyar da ta saba da gidan maƙwabta ce, kullum sai an je an jawo ta. Aikin watanni ne. In kuka bar ta ta sandare kuma, to ta sandare ke nan."

Ƙarshen sati na uku aka sallame mu. Na ce Kurfi za a kawo shi, ɗakin da ke kallon nawa, inda idona zai kai.

A sati na huɗu ya faɗi. An idar da sallar asuba ke nan, ba kowa a ɗakin, ya ce bari ya yi irin na kafinta ya je alwala da ƙafarshi. Ƙarar na ji. Muka taras da shi kwance a bakin ƙofa girarshi ta fashe, jini har cikin ido. Baffa ya ɗaga shi, Saude ta wanke. Da Binta ta kawo mashi waya da yamma don ya yi kallo, ya ture ta da hannun hagu, ya tattara duk ƙarfinshi ya ce, "Ƙarya ce." Ya juya fuskarshi bango.

Daga nan muka shiga wahalar da ta fi ta asibiti. Baffa ya kama ƙafar zai lanƙwasa, ya yi mashi gurnani har ya saki. Abinci sai ya ga dama. Magana ya daina gaba ɗaya. Ran nan na sa aka fitar da katifarshi shanya, ƙwayoyin magani suka zubo daga ƙarƙashinta kamar an ɓare wake. Yatsun hannun suka fara naɗewa, diddigen ya fara taurin itace. 'Yan dubiya kuwa suna ta zuwa, su zauna kanshi suna "Allah sarki, mutum kamar wane," sai ka ce gawa suka zo gani. Wata ta ce akwai mai magani wajen Tamawa da ke tayar da irinshi a kwana bakwai. Wani ya ce a bar bawan Allah ya huta, ƙaddara ta riga fata. Na ɗauki kujerata na dasa a zaure. Duk wanda ya zo na amshi gaisuwarshi na ce barci yake. An yi ta cewa Kulu ta cika tsanani. Ban musa ba.

Abin da ke cina shi ne, ga yaro zai sandare a kan tabarma, matarshi da tsohon ciki, ni kuma da ya kamata in tsaya kanshi in yi faɗa ba ni da hanyar magana da shi. "Ku gaya mashi" tana aiki ne ga mai sauraro. Wanda ya ba bango fuska, ko an gaya mashi bangon aka gaya ma.

A sati na shida Binta na jera kaya ta ci karo da babbar rigar da ya sa ranar Juma'ar nan, da littafi a aljihu. Shirun ɗakin ya ishe ta, sai ta zauna bakin ƙofa ta fara karantawa da ƙarfi. Ina kusa ina tsince wake. Na buɗe baki zan hana ta, na ce bari ta kai ƙarshen wannan maganar tukuna.

Labarin wasu manyan motocin kaya ne da ke ɓacewa tsakanin gari da gari, har da direbobinsu, ba a ganin ko taya. Wani ɗan sanda da aka kora daga aiki ya shiga nema, don ƙanenshi na cikin waɗanda suka ɓace. Akwai attajirin mai motocin, akwai akawunshi mai ladabi kamar amarya, akwai wani mai shayi a tashar da motocin ke tsayawa na ƙarshe. Littafin kashi uku ne, wannan na biyu ne, amma marubucin ya iya tuna ma mutum abin da ya wuce. Can na duba ƙwaryata na ga tsakuwa nake zubawa a ciki, waken ina watsa ma kaji.

Takardu biyu suka manne ma Binta ta wuce ba ta sani ba. Sai muka ji an bugi tabarma. Daga bango murya ta ce, "Kin... tsallake."

Binta ta dube ni, na dube ta. Na yi mata alama ta koma baya. Da ta ɗan yi nisa na ce, "Ki gaya mashi mai shayin nan ne."

Sai ga shi yana jan jiki yana juyowa, karo na farko tun faɗuwarshi. Ya ce, "A'a."

Na ce, "Ki gaya mashi mutumin da motoci ke ɓacewa daga gaban teburinshi, bai taɓa tambayar kowa ina suka shiga ba, ya san inda suke."

Ya daɗe yana kokawa da harshenshi kafin ya ce, "Akawu."

"Ki gaya mashi akawun ko kaza ba zai iya yankawa ba."

Binta ba ta gaya ma kowa komai ba, kanta kawai take juyawa tsakaninmu. Wannan ita ce hirar farko da na yi da ɗana tun da na haife shi, kuma a kan ɓarayin mota muka yi ta.

Kwana uku Binta ta gama littafin. Ya ƙare an kulle korarren ɗan sandan a wani sito, an zuba fetur ta ƙarƙashin ƙofa, ya ji wani a waje yana neman ashana, kuma ya gane muryar. Nan marubucin ya tsaya, marar tausayi. Mai Hatsi ya ce, "Na uku." Sarai ta fito, ba gargada.

Ran Laraba Saude ta je kasuwar Dutsin-Ma ta sayo. A zaure na tare ta na amshe, na naɗe shi a haɓar zanina na ƙulle.

Ta ce, "Inna, jira yake fa."

Na ce, "Ya jira. Je ki gaya mashi littafi ya zo, yana hannuna. Ya haɗiye maganin safe a gabana, ya bar Lawal ya yi aikin ƙafa, a karanta mashi babi ɗaya. Bai yi ba, ɗan sanda ya ci gaba da zama cikin fetur."

Ta ce, "Wannan ai zalunci ne." Yanzu ma da take rubutawa murmushi take.

Ranar farko ya yi fushi ya koma bango. Na zauna inda zai jiyo ni na ce ma Binta, "Ni dai tausayin yaron nan na sito nake ji, ko ya ƙone ko bai ƙone ba, Allah masani." Kafin magariba ya buɗe baki aka sa mashi ƙwaya. Na sa Saude ta duba ƙarƙashin harshen.

Haka muka yi ciniki daga sati na bakwai har na tara. Farashi kuma yana hawa, shi ɗan kasuwa ne ya san haka. Da farko magani da lanƙwasa ƙafa. Daga baya sai ya zauna da kanshi. Daga baya sai ya miƙe ya dafa bango. Ya nemi ya sayi Saude da turmin atamfa ta karanta a ɓoye ta gaya mashi ƙarshen, ta ce littafin ko wanka zan shiga da shi nake shiga. Ya roƙi Baffa ya sato mashi. Baffa ya ce, "Ni in sa hannu a zanen matar Yaya? Ɗana, ciwonka ɗaya, kada ka jawo mani biyu."

Kallon fim ma ya dawo, amma yanzu tare muke yi. Duk sanda aka fara waƙar nan da marar lafiya ke warkewa a cikinta, sai in ce, "Ku gaya mashi wannan waƙar wata shida ce aka matse." Ya yi dariyarshi ta gefe guda. Fim ya ba shi kwaɗayin tashi, ni kuma ina gefe ina faɗin farashin gaskiya. Zuwa asibiti duk bayan sati biyu da shatar mota ya cinye 'yan kunnena na zinari, waɗanda na ce da su za a yi mani sutura. Mai gashin ƙashi ya taɓa diddigen ya ce akuya ta fara gane gida.

Sai muka tsaya cik a wuri ɗaya. Yana bin bango daga ɗaki har bakin ƙofa, amma ya ƙi sakin bangon. An yanko mashi sandar gora mai kyau, ya ƙi dogara da ita. Faɗuwar nan ta asuba na nan a idonshi. Littafi kuma saura babin ƙarshe. Ɗan sanda ya tsira daga wuta, ya tara mutane a ofishin attajiri zai nuna mai muryar. In aka karanta wannan, ba ni da sauran abin ciniki.

A sati na goma na kife turmi a gindin darbejiyar da ke tsakiyar gida, inda ba bango ba ginshiƙi, na kwance littafin na ɗora a kai na danne da dutse.

Na ce, "Ku gaya mashi ga ƙarshen labarinshi can. Ba mai ɗauko mashi. Wanda ya taɓa, ban yafe ba."

Baffa ya ce, "Matar Yaya, ki ji tsoron Allah. In ya sake faɗuwa fa?"

"Ka ɗaga shi. Ba aikinka ke nan ba?"

Binta ta zo ta durƙusa da ƙaton cikinta tana roƙo. Na ce mata, "Abin da ke cikin nan naki, kina so ya taso ya ga ubanshi a tsaye ko a kwance?" Ta dafa ƙasa ta tashi. Kwana biyu littafin na kan turmi, da safe in ɗora, da magariba in ɗauke saboda awaki. Shi kuma yana bakin ƙofa yana harararshi, wani lokacin ni yake harara.

Rana ta uku bayan la'asar, mu biyar ɗin nan dai na farko ne a gidan. Na ga ya jawo sandar. Ya miƙe da bango, ya tsaya, ya saki. Ba wanda ya yi motsi. Ya jefa sandar gaba, ya bi ta da ƙafar hagu, ya jawo ta dama tana share ƙasa. Ya sake. Gumi ya jiƙa mashi riga. Da ya kai tsakiya, bango ya yi mashi nisa turmi ya yi mashi nisa, gwiwar dama ta lanƙwashe. Na ga ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa, kallon wanda ke zaɓen inda zai faɗi. Baffa ya zabura, na tare shi da muciyar da ke hannuna.

Sai na kira sunanshi.

Sunan da aka raɗa mashi ranar suna, wanda bai taɓa ratsa bakina ba. Na haɗa da cewa, "Ɗago kanka ka dubi gabanka." Ba ta bakin kowa ba.

Saude ta saki kwanon da ke hannunta. Shi kuwa mamaki ne ya miƙar da shi, na tabbata, don ya ɗago ya dube ni ya mance da gwiwar, ita kuma ta tsaya. Ya jefa sanda. Ya ja ƙafa. Bai sake kallon ƙasa ba har ya kai ya dafa darbejiya, ya zame ya zauna a gindinta yana haki, ya ture dutsen ya rungume littafin.

Da numfashinshi ya dawo ya ce, "Inna... ashe kin san shi."

Na dubi Saude na ce, "Ku gaya mashi a karanta mana, rana na faɗuwa."

Nan gindin bishiyar Binta ta karanta. Akawun ne. Mai shayin wai ba ruwanshi, tsoro ne ya hana shi tambaya. Mai Hatsi ya yi ta dariya har da tari, Baffa na taya shi. Ni har gobe ban yarda ba. Marubucin nan bai san mutane ba, kuma da zan gan shi da na gaya mashi a sake bincikar mai shayin.

Ga masu jinya irin tamu: baki ya karkace ko hannu ya saki abu, a nemi mota a ranar, rubutu ya biyo baya a gora. Mai hawan jini kada ya ajiye magani don kai ya daina ciwo. A duba ƙarƙashin katifa. A bar marar lafiya ya yi kallon abin da zai faranta mashi, amma a samu mai gaya mashi tsawon waƙar. Hannun Mai Hatsi har yau bai gama dawowa ba, da hagu yake riƙe mudu, kuma da sanda yake shiga kasuwa. Mun gode Allah.

Washegarin ranar turmi, da na idar da sallah na sha koko, na yafa mayafina na shiga motar Dutsin-Ma ni kaɗai. Na yi tambaya har aka nuna mani rumfar mai littattafai. Na ce ya ba ni na kisa da bincike wanda ya fi kowanne tsawo. Ya ce akwai mai kashi biyar, amma Hajiya wa zai karanta maki? Na ce ba ruwanshi. Da na dawo Kurfi ban shiga gida ba, na wuce masallacin unguwa na aika aka kira mani ladan, na damƙa mashi na ɗaya. Na ce ya ajiye a kan taga, mai shi zai zo da ƙafarshi ya ɗauka.